Toh ina zan ajiye ƙafar?

Kwanakin baya wani abokin aikina ya shigo ɗakina wai zai ari littafi, sai naga ya tsaya cak a gaban kanta yana ta bin layukan da ido, ya jima bai ce uffan ba, can sai kawai ya kwashe da dariya yace, "Malam, kai wai wane irin mutum ne?" Ya nuna layin sama yace wannan na gane, littattafan koyarwa ne, sana'arka ce da ita kake ci. Ya nuna na ƙasa yace wannan ma da sauƙi, tarihin 'yan siyasa ne, dama kai ga son gardama. Sannan ya zaro wani tsohon littafi daga tsakiya wanda bangonsa ya fara ɓallewa, ya buɗe, sai ga zanen sawun takalma birjik a shafi, wasu baƙaƙe wasu farare, ga 'yan kibiyoyi suna ta kewaye su. Yace toh wannan fa? Nace na rawa ne. Yace rawa kamar yaya? Nace rawa dai, irin wadda ake yi a babban zaure, namiji cikin kwat mace cikin doguwar riga, suna riƙe da juna suna zagaya fili kamar ba sa taka ƙasa. Ya kalle ni tun daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan tumbina, ya sake fashewa da wata dariyar.

Ban ga laifinsa ba gaskiya. Amma abun da dariya ta hana shi ji ranar shi ne, wannan na tsakiyar da ya raina, da shi nake auna sauran biyun yanzu.

Kuma ba da gangan na faɗa harkar ba, Mandela ne ya ja ni. A littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1994 akwai wani ɗan wuri da mutane ke tsallakewa don suna sauri su kai ga kotu da kurkuku, inda yake ba da labarin zamansa a jami'ar Fort Hare wajen 1939 zuwa 1940. Wai shi da abokansa sai su shafe awanni a ɗakin cin abinci da wani tsohon garmaho mai shaƙaƙƙiyar murya suna koyon rawar wals da fokstirot, maza zalla, yanzu kai ne mai ja anjima kai ne mai bi, gwaninsu a duniya kuwa wani Bature ne Victor Silvester. Da suka ga ƙafa ta ɗan faɗa sai suka ci kwat suka saci jiki zuwa wani gidan rawa da ba a yarda ɗalibai irinsu su leƙa ba. Ya hango wata mata, ya nemi su taka, suna cikin juyi ya tambayi sunanta, ashe matar Dokta Bokwe ce, babban mutum, ga mijin can gefe yana hira da Farfesa Z.K. Matthews, malamin Mandela wanda kuma shi ne mai kula da ladabtarwa a makarantar. Ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Farfesan kuma har abada bai taɓa ta da maganar ba.

Na karanta wajen nan ya fi sau uku ina dariya ni kaɗai, daga nan sai na ce bari dai in ga wane ne wannan Silvester da har Mandela ke wa kallon gwani. Ashe shi ya ci gasar duniya a 1922, yana cikin 'yan kwamitin da ƙungiyar malaman rawa ta Ingila ta kafa a 1924 don su daidaita takun kowace rawa, saboda kafin nan kowane malami da irin tasa, in ka koya a wannan gari ka je wancan sai ku yi ta taka juna. Ya fitar da littafinsa a 1927. Bayansa Alex Moore ya fitar da nasa a 1936, wanda aka yi ta sake bugawa shekara da shekaru, shi ne ma wanda abokina ya zaro. Daga wannan daidaitawar aka samu biyar ɗin da ake gasa da su har yau, wals, tango, fokstirot mai sanyi, kwikstef, sai wals ɗin Viyana mai saurin tsiya, kuma babbar gasarsu ta garin Blackpool na Ingila tun 1920 ake yin ta.

Toh ga abun da ya kama ni. Na buɗe littafin na Alex Moore ina zaton zan tarar da irin maganganun nan na "saki jikinka, bar kiɗa ya ratsa zuciyarka", wallahi ko ɗaya. Mutumin nan kamar makaniki yake rubutu. Ɗauki juyin dama na wals, wanda shi ne kusan farkon abun da ake koya. Taku na ɗaya, namiji ya miƙa ƙafar dama gaba, dunduniya ce za ta fara taɓa ƙasa sannan yatsu, a ƙarshen takun ya fara ɗagowa. Na biyu, ƙafar hagu ta tafi gefe a kan yatsu, ya juya rubu'in da'ira. Na uku, dama ta zo ta haɗe da hagu, ya ƙara rabin rubu'i, yana ɗage har sai ƙarshen bugun sannan ya sauke dunduniya a hankali. Taku uku, juyi kashi 3 cikin 8. Ya ƙara wasu ukun da baya, an samu kashi 3 cikin 4 ke nan. Har inda fuskarka za ta kalla an faɗa maka, bango ko tsakiyar zaure ko tsakaninsu, da inda kafaɗa za ta karkata. Ga nata ɓangaren daban an rubuta, don duk abun da ya yi da gaba ita da baya take yin sa. Kowa a zauren kuma hanya ɗaya yake bi, saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, in ba haka ba sai karo.

Na ɗauko alli daga jakar makaranta na zana sawun a ƙasan ɗaki, littafi a hannun hagu, ina ƙirga ɗaya biyu uku ina taka zanen da safa. Uwargida ta leƙo ta tsaya bakin ƙofa, ta daɗe tana kallo sannan tace, "Malam, lafiya kuwa?" Nace zo ki taimake ni. Da ƙyar ta yarda, kuma a daren farko na taka mata yatsa sau huɗu, ta ƙirga. Abun mamaki na haddace takun tsaf, in ni kaɗai ne ba na kuskure, amma da an zama mu biyu sai komai ya wargaje, ina jan ta da hannu tana turjewa, ina kallon ƙafata maimakon in kalli inda za mu. Sai da na koma littafin na ga ashe ya riga ya faɗa, ni ne na tsallake don ina ɗokin zanen: da gangar jiki ake ja, hannu riƙo ne kawai, kuma sai ka bari nauyinta ya gama sauka a kan ƙafa ɗaya kafin ka nemi ta ɗaga ɗayar. In ka yi gaggawa da rabin bugu, ba ta da ƙafar da za ta ba ka. Sannan ita da take tafiya da baya ba ta ganin abun da ke bayanta, in ta bugi kujera laifinka ne.

Ranar na zauna a bakin gado ina haki, sai tunanin ajina ya faɗo min.

Shekara nawa ina karanta littattafan koyarwa, tun muna kwaleji, kuma mafi yawansu in ka matse su ba za ka samu ruwa cokali ɗaya ba. Malami ya zama mai jan hankalin ɗalibai. Malami ya samar da yanayi mai kyau na koyo. Malami ya la'akanci bambancin da ke tsakanin yara. Toh naji, duk gaskiya ne, wa zai musa? Amma ranar Litinin da safe, yara sun cika aji, biyu na faɗa a kan benci, ɗaya na barci, ni kuma ina tsaye da alli a hannu, ina zan ajiye ƙafar? Akwai wata bita da aka taɓa tara mu ta kwana uku, aka raba mana wani ƙaton kundi mai sheƙi, mai jawabin ya yi awa biyu cur yana karanto mana daga majigi cewa kada malami ya riƙa yin surutu shi kaɗai. Ba wanda ya yi dariya, kowa na jiran a sa hannu a takarda a tashi.

Littattafan da suka amfane ni 'yan kaɗan ne, kuma da na duba sai naga duk halinsu ɗaya da na Alex Moore, wato masu ƙirga ne. Babbar cikinsu a wurina wata mata ce Mary Budd Rowe, malamar koyar da kimiyya a Amurka, wadda ta yi ta naɗar muryoyin darussa tana auna abu ɗaya tak: in malami ya yi tambaya, daƙiƙa nawa yake jira kafin ya sake magana? Abun da ta fitar a farkon shekarun 1970 shi ne kusan daƙiƙa 1. Ɗaya fa. Kafin yaro ya gama jin tambayar ma malam ya maimaita ta, ko ya canza ta, ko ya nuna wani, ko ya amsa abarsa. Da aka horar da malamai su jira daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana suka fara ɗaga hannu, "ban sani ba" ta ragu. Kuma ta ce jiran iri biyu ne, akwai na bayan tambaya, akwai na bayan yaro ya yi shiru, don sau da yawa bai gama ba, numfashi yake yi.

Nace daƙiƙa uku ai ba komai ba ne. Gwada ka gani. Na jefa tambaya a aji, na haɗe hannuwa a baya ina ƙirgawa da yatsu yadda ba za su gani ba, ɗaya, biyu, kafin in kai uku wallahi ji na yi kamar an shekara, shirun ya yi min nauyi a ka, bakina har ƙaiƙayi yake. 'Yan gaban nan guda huɗu da kullum su ke amsawa sun ɗaga hannu suna ta kaɗa yatsu, na yi kamar ban gan su ba. Na kai biyar. Sai ga wani hannu can baya kusa da taga yana tasowa a hankali, bai ma wuce kunne ba, na wata yarinya da zango biyu ban san kalar muryarta ba. Ta faɗi rabin amsa ta tsaya. A da da na ce madalla na ƙarasa mata, amma na cije, na sake ƙirgawa, sai kuwa ta ɗora, kuma abun da ta ɗora ɗin ya fi wanda na shirya a takardata. Wannan fa shi ne jiran nauyi ya sauka a kan ƙafa, ba wani bambanci. Shekaru ina jan yaran nan da hannu ina cewa ba sa motsi.

Sai Jacob Kounin, shi ma ɗan Amurka, littafinsa na 1970. Shi kyamara ya dasa a azuzuwa yana so ya gano wane irin tsawa ko horo ne ya fi gyara yara, sai ya tarar ba a nan gizo ke saƙa ba. Malaman da ajinsu ke zaune lafiya ba su fi sauran iya hukunci ba, abun da suka fi su shi ne tun kafin wuta ta kama sun ga hayaƙi, yara sun yarda malamin nan kamar yana da ido a ƙeya, yana duba littafin wannan amma ya san abun da wancan ke yi a lungu, kuma in ya tsawatar to ainihin mai laifin ya kama tun da wuri. Kuma ba sa barin darasi ya yi sanyi tsakanin wannan aiki da na gaba. Masu rawa ma suna da wannan, iya zaure, kana juyi amma kana lura da sauran ma'aurata goma da ke kewaye da kai, ka hango inda za a toshe ka canza taku tun kafin ku isa. In ka ga ana karo a fili toh wani ne ya kafa ido a ƙafarsa.

Akwai kuma Doug Lemov da ya fito da nasa a 2010, dabaru 49 da ya tsinto daga kallon bidiyon malaman da ɗalibansu ke ƙoƙari, har da inda za ka tsaya a aji da yadda za a raba takardu cikin 'yan daƙiƙu. Mutane da yawa sun tsane shi, suna cewa ya mai da yara kamar kuratan soja, kuma ban ce ba su da hujja ba, wasu shafukan ni ma suna sa ni ɗaure fuska. A ɗaya gefen ga Paulo Freire na Birazil, wanda ya rubuta nasa a 1968 yana gudun hijira a Chile, shi ne mai cewa an mai da ilimi kamar ajiyar banki, malami na zuba kuɗi yaro kuma asusu ne kawai. Mutumin da aka ɗaure bayan juyin mulkin 1964, kuma ba abun mamaki ba ne, don a Birazil ta lokacin sai wanda ya iya karatu ke jefa ƙuri'a, shi kuwa ya koya wa ma'aikatan gona kusan 300 karatu cikin kwana 45. Ina ganin girmansa ƙwarai. Amma in faɗi gaskiya, Freire yana sa ni in ji kunyar yadda nake koyarwa, Lemov kuma yana gaya min abun da zan yi gobe ƙarfe takwas. Na daina ƙoƙarin sasanta su, suna nan kafaɗa da kafaɗa a kanta, su ƙarata.

Yanzu layin ƙasa, inda aka fi yi min ƙarya.

Tarihin ɗan siyasa kashi biyu ne a wurina, akwai littafi akwai roƙo da aka yi wa bango mai kauri. Na roƙon ka san shi tun shafi na biyar: tun yana yaro an ga alamun shugabanci a tare da shi, bai taɓa son mulki ba jama'a ce ta matsa, duk wanda ya saɓa masa ɗan hassada ne. Yawanci a gabanin zaɓe ake fitar da su ko ranar cikar shekaru, a yi taron ƙaddamarwa, a saya da tsada, ba mai buɗewa. Irin su ɗaya ne da kundin bitar nan, manyan kalmomi babu sawu ko ɗaya. Kishin ƙasa, hangen nesa, jajircewa. Toh a wane ɗaki, da wa, ya ce me, aka ba wa wa me?

Wanda ya lalata min sauran shi ne Robert Caro. Ɗan jarida ne asali, editansa ya taɓa ce masa in ka shiga takardu ka buɗe kowane shafi kada ka ɗauka ka san abun da ke ciki, shi kuma ya riƙe wannan kamar wasiyya. Ya fara da Robert Moses a 1974, mutumin da bai taɓa cin zaɓe ba amma ya shafe shekaru fiye da 40 yana yanka birnin New York da tituna da gadoji yadda ya ga dama. Sannan ya koma kan Lyndon Johnson, shugaban Amurka daga 1963 zuwa 1969, kundi na farko a 1982, na biyu 1990, na uku 2002, na huɗu 2012, na biyar ɗin kuma an daɗe ana zuba ido. Da ya ga mutanen karkarar Texas inda Johnson ya taso ba sa sakin baki da baƙo, sai ya tattara shi da matarsa suka koma can da zama kusan shekara uku. Tsofaffin mata suka riƙa nuna masa yadda suke jan ruwa daga rijiya da ɗaukar sa zuwa gida kafin a kawo lantarki, har suka miƙa masa igiyar guga ya ja da kansa ya ji nauyin. Sai da ka karanta wannan babin za ka gane me ya sa mutanen suka riƙe Johnson da ya kawo musu wuta, ko me aka ce ya yi.

Kuma ya yi ɗin. Zaɓen fid da gwani na sanata a 1948, da ƙuri'a 87 ya ci a duk faɗin Texas, bayan kwanaki da rufe zaɓe sai ga wata akwati mai lamba 13 ta haifi ƙarin ƙuri'u kusan 200, sunayen a jere bisa haruffa, rubutun hannu ɗaya. Caro bai tsaya a "an yi zargin maguɗi" ba, sai da ya nemo jami'in zaɓen da kansa yana tsoho ya zauna da shi. Wannan shi ne taku na ɗaya ƙafar dama, taku na biyu ƙafar hagu.

Abun da ya fi taɓa ni a matsayina na malami kuwa, Johnson ɗin nan malamin firamare ne kafin komai. A 1928, yana ɗan shekara 20, ya koyar a wani ƙaramin gari Cotulla, a makarantar 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko da sauran malamai ba su damu da su ba. Ya sayo musu kayan wasa da albashinsa, ya shirya musu muhawara da gasa da wasu makarantu, har mai sharar makarantar ya zaunar yana koya masa Turanci. Shi ɗin dai kuma yana dukan yaro in ya ji ya yi Sifaniyanci. Duka biyun Caro ya rubuta, bai ɓoye ɗaya don ɗaya ya yi kyau ba. Bayan shekara 37, ranar 15 ga Maris 1965, mako guda bayan 'yan sanda sun lakaɗa wa masu zanga-zanga duka a garin Selma, ya tsaya gaban majalisa yana neman dokar 'yancin zaɓe ga baƙaƙen fata, sai ya ɗauko labarin yaran nan, yadda suke zuwa aji ba su karya ba, yadda suka san ana ƙin su amma ba su san dalili ba, yace bai taɓa mafarkin zai samu damar taimakon 'ya'yansu ba, yanzu ya samu kuma zai yi amfani da ita. A watan Agusta ya sa wa dokar hannu. Mutumin akwati mai lamba 13 fa. Shi ne kuma ya dulmiya ƙasarsa a yaƙin Biyetnam. Ni dai na kasa yanke masa hukunci guda, kuma ina ganin littafin da ya bar ka a haka ya yi aikinsa.

Akwai hotunansa na 1957 da wani tsohon sanata, Johnson dogo ne sosai, ya rankwafo a kan mutumin har hancinsu na neman haɗuwa, tsohon ya lanƙwashe baya a jikin tebur. Na nuna wa uwargida nace kalli riƙon tango. Tace wannan ai irin jan da kake min ne a makon farko.

Af, malaman makaranta da suka koma siyasa suna da yawa fa in ka lura, Nyerere har ya rasu Mwalimu ake ce masa wato malam, Kaunda ma ya riƙe alli, Tafawa Ɓalewa ma haka. Ban san ko aji ne ke koya wa mutum mulki ba ko kuwa masu son a saurare su ne ke fara neman aji. Rawa ma ba ta rabu da siyasa ba, taron da manyan Turai suka yi a Viyana a 1814 zuwa 1815 don raba nahiyar bayan Napoleon, liyafa ta yi yawa har wani basarake ya yi musu ba'a cewa taron na rawa amma ba ya gaba. Ga kuma hoton Nkrumah da Sarauniyar Ingila suna takawa a Accra a 1961, wanda ya yi maganar da takardar bayan taro ba za ta iya ba.

Wanda mutum ya rubuta da kansa kuma fa? An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, haka ne, amma mai ita ya san baitin da zai tsallake. Ko na Mandelan da nake so, wanda ya fara rubutawa a ɓoye a tsibirin Robben, aka binne shafukan a lambu cikin gwangwanaye, aka fitar da kwafi ta hannun wani fursuna da aka saka a 1976, ai ya fito ne a shekarar da ya hau mulki, lokacin da ƙasar ke buƙatar a lallashe ta, dole akwai inda aka sassauta. Shi ya sa nake neman ƙananan wuraren da mutum bai tsaya gyara riga ba. Plutarch, marubucin tarihi ɗan Girka, tun kusan shekara 1,900 da suka wuce ya faɗa a farkon tarihin Sarki Iskandar Mai Girma cewa wata 'yar magana ko raha takan tona halin mutum fiye da yaƙin da dubbai suka mutu. Ni labarin garmahon nan ya fi gaya min wane ne Mandela a kan babi guda na taruka: saurayi mai son ado, mai son a ce ya iya, wanda kuma ya yi awanni yana koyon bi kamar yadda ya koyi ja.

Abokin nawa dai a ƙarshe kundin Caro na farko ya ɗauka, ya auna nauyinsa a hannu yace wannan ai sai hutun ƙarshen shekara. Har ya kai ƙofa ya dawo, ya sake buɗe na rawar, ya karkata kai yana bin kibiyoyin da yatsa, yace wai baƙin sawun ne dama ko farin? Nace baƙin. Ya ɗan matsar da ƙafarsa a kan tabon allin da bai gama gogewa ba a ƙasa, ya ga ina kallonsa, ya mayar da littafin da sauri.

Mu kuma mun kai wata na biyar, wals ta zauna, ba na taka kowa sai jefi-jefi. Fokstirot ce ta gagare mu, akwai wani juyi da mace ke yi a kan dunduniya ƙafafu a haɗe, littafin ya ce in namiji ya ɗago da wuri yadda ya kamata juyin zai zo mata da kansa. Uwargida ta ce ta karanta wajen sau biyu, ita nata daidai ne.